Fitilar gwaji, mita ko sikana: wanne za ka fara saya wa tsohuwar motarka?

Inji yana juyawa amma mota ta ƙi tashi, kana shiga gareji abin da za ka fara ji shi ne, "Oga, famfon mai ne ya mutu." Sau da yawa kuwa famfon lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi. Ko fiyus ya ƙone, ko rile, wato makunnin da ke sakar wa famfo wuta, ya gaji, ko soket ɗin kan tanki ya ci tsatsa. Kayan binciken wannan guda uku ne za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma wanda ya fi araha shi ya fi aiki.

Sikana dai, wato na'urar da ke karanto matsala daga ƙwaƙwalwar mota, ita ke jan hankalin samari, musamman 'yar ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu. Sai dai tana bukatar tsarin OBD2 mai soket na rami 16, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, Turai kuma sai 2001 ga motocin fetur. Motar Beljiyam da ta girmi haka, ko ka ga soket ɗin, ba lallai sikana mai araha ta ji yarenta ba. Tsofaffin Toyota ma ba sa bukatarta: akwai ɗan akwati a gaban inji, ka haɗa TE1 da E1 da guntun waya, fitilar inji ta dashbod ta riƙa ƙyaftawa kana ƙirga lambar matsalar. Ni dai a ƙarshe nake sa sikana.

Fitilar gwaji kuwa ƙwai ne da waya da tsinke, shi ke nan. Ka maƙala wayar a jikin ƙarfen mota, wani ya murɗa makulli, kai kuma ka taɓa wayar wutar famfo. A motoci da yawa wutar kan zo ta kusan daƙiƙa 2 ta ɗauke, don haka idonka na kan ƙwan. In ya haska tangaran amma famfo shiru, ka duba wayar famfon da ke ɗaure a jikin mota kafin ka yanke masa hukunci. In ya yi ja-ja kamar aci-balbal, akwai tsatsa ko sako-sako a hanya. Nan ne fitila ta fi mita, wato na'urar auna wuta, domin fitila tana jan wuta. Mita kan nuna maka bolt 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage, alhali silin nan ba zai iya juya famfo ba. Amma kada ka kai fitila mai ƙwai kan wayoyin ƙwaƙwalwar mota, can sai mai LED. Kuma in kana jin warin fetur, a bari ya bushe tukuna.

Mita ita ce ta biyu. Ka zaɓi mai lambobi, mai ƙara idan waya ba ta tsinke ba, kuma ka ja wayoyinta ka ji kaurinsu, don na banza nan suke fara mutuwa. Da ita za ka ga batir lafiyayye a kusan bolt 12.6, ka auna kwayil ɗin rile tsakanin ƙafa ta 85 da 86, ka kuma gwada injekta, wadda yawanci ke tsakanin om 12 zuwa 16.

Masu Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun san wata cuta. Ka ajiye mota a rana ka shiga Azahar, ka fito ta ƙi tashi, sai ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Babban rile ne da ke ƙarƙashin dashbod, dalmarsa ke tsagewa da zafi. Ɗan rewaya mai gaskiya zai buɗe shi ya sake narka dalmar, famfon kuwa ko taɓa shi ba zai yi ba.