Shagon dattijon Dilimi da tsohon babur ɗin mahaifinmu

Shekara ashirin da 'yan kai babur ɗin mahaifinmu ya yi a jingine cikin ɗakin shirgi na gidanmu a Anguwan Rogo cikin garin Jos, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kaji sun mai da kushin ɗinsa wurin kwana. Ƙirar Honda CD175 ne, wanda dattawa ke kira Honda 175 kawai, mai silinda biyu da giya huɗu. Marigayi, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne tun jihar nan tana Binuwai-Filato, kuma da kuɗin Udoji ya saye shi a 1975, lokacin da gwamnatin Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi aka biya su ariyas a dunƙule, kowa ya ruga kanti: wani rediyo, wani keke, wani mashin.

Bayan Babbar Sallar bara na turo shi tsakar gida na ce sai ya tashi. Ni tela ne, ba bakanike ba, amma wanda ya shekara yana kwance keken ɗinki ba ya tsoron sifana. Tanki na fara cirewa. Na zuba masa kananzir da ƙananan notoci cike da hannu, ina girgizawa safe da yamma har kwana uku, abin da ke fitowa jawur kamar ruwan kududdufin kuza. Kafireto na jiƙa shi na wanke. Fistin kuwa ya kafe, ko ka hau kik da dukkan nauyinka ba ya motsi, sai na cire fulogi biyun na ɗura baƙin mai gauraye da kananzir ta ramukan, na bar shi mako guda, sannan na sa giya ta huɗu ina tura shi gaba da baya a hankali har na ji ya saki. Kushin ni na ɗinka masa sabuwar riga, wannan kam sana'ata ce. Iyakar abin da hannuna ya iya ke nan. Wuta ta ƙi zuwa fulogi, ga shi na cinye kawunan sukurori uku na murfin inji.

Na zaga wurin samarin makanikai biyu a titin Bauchi. Na farko ya leƙa yana neman akwatin CDI, na'urar da ke ba fulogi wuta a baburan yanzu, da bai gani ba ya ɗago ya ce, "Oga, wannan ai sai dai ka kai shi Miziyam, can kusa da gidan zu." Ban ga laifinsa ba. A kan Jincheng da Bajaj ya koyi aiki, masu batir bolt 12, shi kuwa wannan bolt 6 ne mai kwantak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta. Na biyun ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a Dilimi.

Shagon ba shi da allo, kuma ƙarami ne, mutum uku suka shiga ya cika. Daga ƙasa har rufi gwangwanayen madara ne da na man shanu cike da notoci, ga salansa na reto a igiya, ga wasu kwalaye da launinsu ya koɗe masu rubutun Japan. Baba yana zaune a kan benci da hular sanyi, ya kai shekara saba'in a ƙiyasina. Da muka sauke babur ɗin daga Keke Napep bai ce komai ba sai da ya zagaya shi sau biyu. Ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, ya sa yaronsa ya taka kik, ya koma ɗaya ramin.

"Na hagu yana da sauran numfashi, na dama ya mutu," in ji shi. "Ɗana, wa ya taɓa sukurorin nan?"

Na ce ni ne, Baba.

"Da sukundireban kanti ko?"

Ya jawo wani guntun ƙarfe mai kauri, ya ɗora a kan sukurun da na lalata, ya ba shi guduma ɗaya, sai ga shi ya juya. A nan na san cewa sukurorin baburan Japan na zamanin, duk da kansu mai gicciye ne, yankansu ya sha bamban da na sukundireban da muke saye a kasuwa, shi ya sa yake zamewa ya cinye kan.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba abu biyu ne, kuma duka a gabana aka yi su. Na farko matatar mai. Ni duk zatona injin ba shi da wata filta, na juye tsohon mai na zuba sabo na ɗauka na gama. Baba ya buɗe murfin dama ya nuna mini wani ɗan kofi da ke juyawa tare da kiranshaf; juyawar ce ke wurga dattin mai jikin bangonsa ya manne. Da ya buɗe shi, abin da ke ciki ya daskare kamar tukunyar da aka manta da tuwo a ciki, da bakin sukundireba ya riƙa kankarowa. Ya ce da na samu ya tashi a haka, man ba zai hau sama yadda ya kamata ba, kamshaf ya ci mazauninsa, kuma kan injin 175 ba abin da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba ne yau. Ban taɓa jin wani ya ambaci kofin nan ba sai shi.

Na biyu saitin wuta. Ya goge bakin kwantak da 'yar sanfefa mai laushi, ya auna buɗewarsa da fila geji, tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Sannan ya zaro siririyar takardar cikin kwalin taba ya maƙala a tsakanin bakin, yana riƙe da ita da yatsu biyu, ɗaya hannun yana juya injin da sifana sannu sannu, idonsa a kan alamar F, wadda ke nuna lokacin da ya kamata wuta ta je fulogi. Daidai lokacin da alamar ta zo kan layi takardar ta zame. Sau huɗu ya maimaita kafin ya ɗaure. Na yi dariya a raina, don haka nake yi wa keken ɗinki idan ƙugiya ta daina kama zare: ko kaurin gashi taimin ya goce, aiki ya tsaya. Bawul kuma ya sa su a 0.05, injin yana sanyi. Silinda ya aika aka yi mata borin, wato aka ƙara faɗin raminta, ya sa fistin obasayiz na farko, 0.25, da ringi daga cikin kwalayen nan masu ƙura. Waɗannan ya ce tun kafin a hana goyin, wato acaɓa, a Jos da Bukuru, zamanin Gwamna Jonah Jang, suke ajiye. Daga lokacin kasuwarsa ta ja baya, maƙwabtansa da yawa suka koma kayan Keke.

To, ga inda aka ɓata mini rai. Mako biyu aka ce mini, bakwai aka yi. Yau Baba ya tafi jana'iza, gobe mai borin ba shi da wuta, jibi "ka dawo bayan Juma'a". Ba ya ɗaukar waya sai ya ga dama. Kuɗin Keke da na kashe ina zirga-zirga ya isa sayen taya. Kwandensa da aka sa mini da farko jabu ce, kwana huɗu ta yi injin ya fara tari yana harbi ta salansa. Ya canja ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, amma ya amsa da bakinsa cewa yaro ya aika ya sayo, bai duba ba. Yaran nan su ne raunin shagon. Ɗaya ya sa mini ƙwan fitila na bolt 12, haske ya fito kamar aci-balbal, wani kuma ya ɓatar da tambarin murfin gefe na dama, wanda ya shekara hamsin a jikin babur bai faɗi ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Fenti kada ma ka ba su. Ba su suke yi ba, wani suke kai wa. Na ce ja mai duhu irin na asali, na nuna musu cikin murfin da rana ba ta taɓa ba, aka dawo mini da tanki jawur kamar tumatirin Farin Gada. Sai da na sake kankare shi a gida na kai wa mai fentin mota da kaina.

Rasit babu shi a nan, komai a ka yake. Wanda zai kai nasa ya ɗauki hoton kowane ɓangare da waya kafin ya bari, ya kwance tambari da madubi da duk wani ƙaramin abu mai wuyar samu ya bar su a gida, ya kuma roƙi a yi muhimmin aikin yana tsaye. Kuɗin aikin hannu Baba bai tsawwala ba, har na ji kunya na ƙara masa. Tsofaffin kayan Japan ɗin ne da tsada, kuma ba ya ragi a kansu. Na yi ƙoƙarin tayawa, ya mai da kwalin ringi kan kanta ya ce, "Je ka nemo a wani wuri, in ka samu ni ma ka sayo mini."

Ranar da na karɓo shi, cikin sanyin Disamba, ya cire fulogi ya nuna mini bakinsu ya yi baƙi. Ya ce Jos a kan tudu take, kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka saitin da zai yi daidai a Legas a nan mai ne zai yi yawa. Ya ɗan juya sukurun iska, ya kasa kunne, ya ƙara kaɗan. Ya ce da safe in ja cok, in taka sau biyu ba makulli, na uku da makulli, in bar shi ya ɗumama kafin in murza.

Haka na yi washegari a tsakar gida, a taku na uku ya kama. Silinda biyun suna bugawa a natse, ba irin ƙarar mashinan yanzu ba. Hajiyarmu ta fito daga ɗaki da carbi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Da na ɗan murza sai ta ce, "Kai, a hankali. Ubanku ba ya ba shi wuta haka da sassafe."

Ba na shiga cikin gari da shi, iyakata unguwa da hanyar bayan gari ranar Lahadi. Saura wayar sifidomita da tambarin nan. Baba ya ce yana jin akwai tambari ɗaya a cikin wani gwangwani, in dawo bayan Juma'a.