Gargaɗi: mai "buga littattafan Kirista" da ke yawo a coci-cocin Kano

Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Don Allah duk wanda yake da rubutu a ajiye yana neman mai buga masa, ko wa'azi ne ko waƙoƙi ko tarihin ikkilisiya, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Akwai wani mutum da yake zagaya coci-coci daga Sabon Gari zuwa Nomansland har Badawa, yana cewa shi wakilin wani kamfanin ɗab'i ne na Kirista mai hedkwata a Jos da reshe a Legas. Ba zan kama suna ba tunda maganar ta kama hanyar zuwa wurin hukuma, kuma dama ba suna ɗaya yake amfani da shi ba. Yakan shigo sujada da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya zauna har a tashi, ya gaisa da dattawa cikin ladabi, sai ya buɗe jaka ya fito da littattafai masu kyan bango yace duk aikinsu ne. A waya kuma yana da hotunansa tare da manyan fastoci, irin hoton da kowa zai iya ɗauka bayan taro, sai yace ai Baba Rabaran wane ma mu muka buga masa nasa.

Da wannan yake cin mutane. Ba ofis, ba injin, jarinsa kaf sunan bayin Allah ne da suka shekara talatin arba'in suna hidima kafin jama'a su yarda da su.

Wata mama a zumuntar mata ta cocinmu, malamar firamare ce mai ritaya, ta daɗe tana tara addu'o'i da darussa na Hausa domin matan ƙauye, kuɗin sallamarta ta ɗiba ta ba shi kafin alƙalami, daga baya ya dawo wai kuɗin ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake sawa a bayansa, ya sake dawowa wai takarda ta yi tsada saboda dala, sai kuma wai kuɗin rajista da Amazon domin 'yan'uwa na Amurka da Ingila su saya, duk tana biya ta POS zuwa akawun mai sunan mutum ba sunan kamfani ba, rasit kuma kullum sai gobe. An sa ranar ƙaddamarwa, an raba kati, mata sun yi anko, ranar ta zo ba littafi ba mutum, waya a kashe. Abin da ya fi min ciwo har da rubutun nata ya tafi, domin kwafi ɗaya ne da ita na hannu.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. A Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN, lamba 13 ce, kuma kowane littafi da tasa, marubuci ma zai iya nema da kansa. Littattafai biyu da mutumin nan ya nuna a wurare daban, da aka haɗa su lamba ɗaya ce a bayansu. Amazon kuma ba ta karɓar kuɗi kafin ka ɗora littafi a KDP, wato shafinta da marubuta ke ɗora littattafansu da kansu, sai an sayar take cire kasonta, saboda haka duk wanda yace ka kawo kuɗin rajista ƙarya yake. Sunan kamfani kuwa a wayarka za ka iya dubawa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko yana da rajista. Haƙƙin mallakar rubutu naka ne tun ranar da ka rubuta, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC) ma domin haka, amma in ba ka riƙe kwafi ba da me za ka nuna naka ne?

Yanzu bari in zo kan namu laifin a matsayin ikkilisiya, don gaskiya shi ya sa na yi wannan rubutun. Mama ba ita ce ta farko ba. Da magana ta fito sai ga wasu suna cewa ai mu ma ya yi mana bara, amma aka ce mu yi shiru kada sunan coci ya ɓaci, a bar shi da Allah. Haba jama'a. Shirun nan ne ya ba shi hanya ya tsallaka coci na gaba. Karin Magana 22:1 ta fifita suna mai kyau a kan dukiya mai yawa, to ai ba da rufa wa ɓarawo asiri ake tsare suna ba. Gafara daban, faɗakar da ɗan'uwa daban. Wake ɗaya ke ɓata gari, yau masu maɗaba'a na gaskiya a Sabon Gari da suke aiki tsakani da Allah ana musu kallon 'yan damfara, marubucin kirki ya tashi a coci yace a biya kuɗin littafi kafin ya fito kowa sai ya sunkuyar da kai.

Iyayenmu fastoci, da girmamawa nake roƙonku, kada ku ba baƙo makirufo lokacin sanarwa ya tallata kasuwanci ba ku bincika ba, domin a kunnen membobi in ya yi magana daga bagade to ku kuka tsaya masa. Haka rubuta gabatarwa a littafin da ba ku karanta ba. In an ce muku Rabaran wane ya san shi, ku ɗaga waya ku kira Rabaran ɗin, minti biyu ne.

Marubuta kuma ku je ku ga maɗaba'ar da idonku, ku nemi lambar mutum biyu da aka taɓa buga wa ku ji daga bakinsu, a rubuta yarjejeniya, kwafi nawa, wace irin takarda, wace rana, kuɗi kashi-kashi, kuma a ba ku samfuri ku duba kafin ku cika sauran. Kada ku saki rubutun hannu sai kun yi fotokwafi.

In har mutumin nan ya taɓa karɓar kuɗinka, kada ka goge komai, alat na banki da hirar WhatsApp da katin da ya ba ka duk shaida ne. Ka sanar da sakataren cocinku a haɗa da na sauran, za a kai wa 'yan sanda da EFCC a tare. Wanda kuma ya ga littafin addu'o'in mata na Hausa sabon fitowa da sunan da bai sani ba, don Allah ya sayi kwafi ɗaya ya kawo a gwada da abin da Mama take tunawa.