Takalmin Gudu na Gwanjo a Kasuwar Sabon Gari

Mai shirin gudun famfalaki na kilomita 42 ba shi da kayan aikin da ya fi takalmi muhimmanci, shi ya sa na gwada na gwanjo daga Kasuwar Sabon Gari ta Zariya. Ba shi da nauyi, kuma laushin tafinsa yana kare gwiwa idan mutum ya fito bayan sallar asuba ya bi kwalta daga Kwangila zuwa Samaru. Ragar samansa tana shan iska, amma da hunturu ƙura tana kutsawa har cikin safa. Kuɗinsa bai tafi a banza ba. Sai dai mai saye ya duba dunduniyar sosai, ya kuma ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarsa girma, domin ƙafa tana kumbura idan gudu ya yi nisa.