Gargaɗi kan mai sayar da daimon na bogi da na'urar gwaji

Naira 850,000 na tura wa mutumin da ya sayar mini da zobe a kan cewa na daimon ne, kuma har yau idan na rufe ido ina ganin lokacin da ya ɗora bakin 'yar na'urar gwajinsa a kan dutsen zoben, ta yi ƙara, ya dube ni ya ce, "Malama, kin dai ji da kunnenki." Na ji kuwa, kuma ba da ka na yarda ba. Shekarata 14 ina koyar da ilimin sinadarai, na san cewa a cikin daimon kowace ƙwayar zarra ta kabon tana riƙe da wasu huɗu gam, shi ya sa yake da maki 10 a ma'aunin tauri na Mohs, kuma zafi yake ratsa shi da sauri ƙwarai.  Saurin ratsawar zafin nan na'urar take aunawa, don haka da ta yi ƙara sai na ɗauka magana ta ƙare.

Kafin nan, ko kuma ranar da ya kawo zoben gida ne, ya karce gilashi da dutsen a gabana, alhali duk abin da ya fi gilashi tauri zai karce shi. Kuɗin adashina ne, naira 850,000, da na tara domin auren 'yata.

Mai gwajin duwatsu da na kai wa zoben bayan mako uku ya ce moisanait ne, haɗin silikon da kabon. Tsarin ƙwayoyinsa ya yi kama da na daimon, zafi yana ratsa shi sosai, shi ya sa yake yaudarar irin wannan na'ura. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma, na ga layukan cikin dutsen sun zama bibbiyu, abin da ba a gani a daimon. Tun ranar lambar wanda ya sayar mini da zoben ba ta shiga. "Kin dai ji da kunnenki," haka ya ce, yana kallon idona.

Shaidar tura kuɗin da hotunan hirarmu suna hannuna, zan sa su nan da zarar na rufe lambar asusuna. Kada ku yarda da na'urar mai kaya. Ku kai dutsen wurin mai gwajinku kafin ku biya ko sisi.