Gyaran Kicin da Kuɗi Kaɗan a Katsina: Aikin Wani Kafinta da Yaransa

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi, kama daga siminti da tayil har zuwa allunan katakon da ake shigowa da su daga waje, ta yadda gyaran kicin ya zama abin da mai matsakaicin ƙarfi sai ya yi dogon lissafi kafin ya taɓa. Duk da haka shagunan masu haɗa kabad sai ƙaruwa suke yi a cikin garin Katsina, kuma kusan kowannensu yana da hotuna masu ƙyalli a waya da zai nuna maka. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikinsu, wani shago madaidaici da ke ɓangaren Ƙofar Ƙaura, wanda ni da maigidana muka ba jingar gyaran kicin ɗinmu. Mai shagon kafinta ne, amma yana karɓar aikin gaba ɗaya, shi ke kawo magini da mai tayil da mai aikin famfo.

Kicin ɗin namu na tsohon gini ne, faɗinsa ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 10. Daɓen simintinsa ya tsattsage, hayaƙi ya baƙanta bango, tagarsa guda ɗaya ce ƙarama, sannan gara ta cinye bayan tsohon kabad ɗin da ke jingine a kusurwa. Wanke-wanke kuwa a tsakar gida ake yinsa.

Abin da ya fara ba ni natsuwa da mutumin nan shi ne yadda ya yi awo. Kafin ya zaro tef ɗinsa sai da ya tambayi yawan mutanen da ake dafa wa abinci, da ko gas muke amfani da shi ko gawayi, da inda ake ajiye buhun shinkafa da na masara, da kuma inda ake daka. Daga nan ya ce, "Hajiya, a fito mini da babbar tukunyar da kuke ɗorawa ranar Sallah." Aka fito da ita, ya auna faɗin bakinta da tsayinta har da murfi, ya rubuta a bayan wani kwali, ya kuma auna doguwar kular da muke zuba tuwo. Waɗannan awon su suka yanke girman ramukan da aka bari a ƙarƙashin kantar girki. Na sha shiga gidajen da aka kashe kuɗi mai yawa a kicin, amma manyan tukwane suna jibge a bayan ƙofa saboda babu kabad ɗin da zai ɗauke su, domin an kwaikwayi hoton kicin ɗin mutanen da ba sa tuƙa tuwon mutum goma sha.

Shawararsa mafi muhimmanci, wadda kuma ita ce ta rage mana kuɗi sosai, ita ce kada a yi kabad ɗin ƙasa da katako kwata-kwata. Ya ce a tayar da ginshiƙai da bulo mai inci 6, a zuba kankare da rodi a samansu ya zama kanta, a lulluɓe da tayil, sannan a yi wa ramukan murafu kawai. Dalilinsa a fili yake ga duk wanda ya san allon da ake kira MDF, wanda yawancin kabad masu araha da shi ake yinsu. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, aka manna masa leda mai sheƙi a fuska. Muddin ledar nan tana rufe, allon yana da kyan gani, amma da zarar ruwa ya sami kafa ta gefen da aka yanka, sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe. A kicin ɗin da ake goge ƙasa da ruwa kullum, ake kuma sauke jarkoki daga kurar mai ruwa duk lokacin da famfo ya ɗauke, gindin irin wannan kabad ba ya daɗewa. Ga kuma gara, wadda ta ƙasa da jikin bango take bi. Bulo da kankare ba ruwansu da waɗannan biyun. Allon da aka saya, mai ƙafa 4 da ƙafa 8 da kaurin milimita 18, ya tafi ne kan murafu da kabad ɗin sama kawai, inda ruwa ba ya kaiwa, saboda haka adadin da muka buƙata bai kai rabin abin da wani shagon ya lissafa mana ba.

Kantar tana da zurfin santimita 60, kuma da gangan aka yi hakan, domin tayil mai santimita 60 kowane gefe ya zauna a kai ba tare da yanka ba. Ba a yi asarar gutsattsari ba, kuma layukan haɗi, inda maiƙo ke maƙalewa, suka ragu. Tsayinta santimita 85 ne. Sai dai a gefe guda, wajen taga, ya sauke wani yanki ya zama gajeren dakali wanda bai wuce gwiwa da kaɗan ba, aka ɗora murhun gas mai baki ɗaya a kai. A nan ake tuƙa tuwo. Duk macen da ta taɓa riƙe muciya a kan tukunyar da ke bisa doguwar kanta ta san yadda kafaɗa ke ƙagewa, da yadda tukunyar ke neman zamewa idan tuwon ya yi ƙarfi. A kan wannan dakali kuwa mutum yana danna muciya da nauyin jikinsa, tukunyar tana zaune daram. A ganina wannan yanki kaɗai ya isa a yaba wa mai aikin, domin ban ce masa ya yi ba, shi ya kawo shi daga tambayoyin da ya yi tun farko.

Ya kuma nuna sanin ya kamata a kan tukunyar gas. Tamu mai kilo 12.5 ce, kuma na so a ɓoye ta cikin kabad don kyan gani, amma ya ƙi. Ya bayyana cewa iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru, kuma kabad rufaffe shi ne mafi munin wurin da za ta taru. Sai aka huda bango aka fitar da tiyo, aka gina wa tukunyar ɗan akurki a waje cikin inuwa, mai walda ya yi masa ƙofar ƙarfe mai raga da kwaɗo. Bayan an haɗa, sai ya shafa ruwan kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ya tsaya yana kallo ko kumfar za ta yi ƙwai. Kurfoti da turmi kuwa an bar su a ƙarƙashin rumfar kwano a bakin ƙofar kicin, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari idan an hura shi a rufaffen ɗaki, sannan daka a kan tayil fasa shi yake yi.

An faɗaɗa taga an sa mata raga. Duk wanda ya tsaya gaban wuta a watan Afrilu a Katsina, lokacin da zafi ke kai maki 40, ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin wannan. Kantoci buɗaɗɗu sun fi araha, amma ƙurar hunturu ba ta barin kwano ko tangaran a fili, shi ya sa aka yi wa komai murfi in ban da wurin ajiye gishiri da kayan yaji na kusa da murhu.

Game da kuɗi, tsarin da muka bi shi ne mu sayi kaya da kanmu, shi kuma a biya shi kuɗin aiki, kuma bai nuna ɓacin rai ba, alhali wasu masu sana'ar sun fi son a damƙa musu komai domin a wajen sayen kaya suke cin riba. Ya rubuta mana adadin buhunan siminti da bulo da rodi da kwalayen tayil, kuma lissafinsa bai yi nisa da gaskiya ba, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Mun yi tunanin zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan gini suka fi yawa da zaɓi, amma da muka haɗa kuɗin mota da na dako da haɗarin fashewar tayil a hanya, sai muka ga ga ƙaramin aiki irin wannan ribar ba ta kai wahalar ba, muka saya a nan gida. Shi ne ya nuna mana dabarar tambayar masu tayil ragowar launin da ya kusa ƙarewa a shagonsu, wanda sukan sayar da rangwame tunda ba zai ishi babban ɗaki ba. Tayil ɗin bango bai kai sama ba, an tsayar da shi a ƙasan kabad ɗin sama, aka shafa wa sauran fenti mai mai wanda ake iya gogewa da tsumma. Tsohuwar ƙofa ma ba a canza ta ba, goge ta aka yi aka sake mata fenti.

Sai dai aikin bai rasa aibu ba, kuma wajibi ne in faɗe su yadda suke. Na farko shi ne saɓa lokaci. Jiran da aka yi wa kankare ba laifi ba ne, domin dole a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda kafin a cire katakon da ke tallafe da shi, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Wanda ya gaggauta wannan shi ne ya cuce ka. Amma bayan an gama gini da tayil, murafun kabad sun daɗe ba su zo ba. Yau a ce babu wutar yanka katako, gobe a ce yara sun tafi wani aikin a Batagarawa, mu kuwa muna girki a tsakar gida, kayan kicin suna tare a falo. Na fahimci cewa ya karɓi aiki fiye da yawan hannun da yake da shi, kuma da ya faɗi gaskiyar lokacin tun farko da mun shirya.

Na biyu ya fi damuna. Mai aikin famfon da ya kawo ya haɗa bututun sabon wurin wanke-wanken da aka yi a cikin kicin kai tsaye zuwa kwata, bai sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa ba. Wannan ruwan da ke tsayawa shi ke tare wari da kyankyasai daga hawowa, kuma kuɗinsa ba wani abu ba ne. Ba a daɗe ba kicin ya fara wari da safe. Wanda ya karɓi jinga gaba ɗaya shi ke da alhakin duba aikin mutanen da ya kawo, kuma a nan ya yi sakaci. Haka nan ƙarafan da ke riƙe murafun, waɗanda suna cikin ƴan kayan da muka bar masa ya saya, masu arha ya sa; murfin da aka fi buɗewa ya fara sunkuyawa, sannan siririyar ledar da ke rufe gefen allon ta ɗago a kusa da murhu saboda zafi. Farin simintin da aka cike layukan tayil da shi ma bai dace da kicin ba, manja ya riga ya rina shi, da mai duhu aka sa da ya fi.

Abin da ya sa ban yanke masa hukunci mai tsanani ba shi ne ya dawo. Maigidana ya kira shi, bai yi musu ba, ya zo da wani mai famfon aka sa bututun da ya kamata, aka zagaye bakin wurin wanke-wanken da silikon, ya sake manne ledar, ya kuma canza ƙarafan murafun da wasu masu kauri da muka sayo, ba tare da ya karɓi kuɗin aiki ba. Gaskiya ne cewa akwai cikon kuɗinsa a hannunmu a lokacin, domin mun raba biyan kashi uku, kafin alƙalami, da na bayan gini, da na ƙarshe bayan mun yi amfani da kicin ɗin mun gani, kuma an rubuta hakan a takarda gaban shaida. Ina ba duk mai niyyar ba da irin wannan aiki shawarar ya yi haka, ko da mai aikin ɗan'uwansa ne.

Wanda yake son kicin mai sheƙi daga sama har ƙasa, da kantar dutse da fitilu a cikin kabad, wannan shago ba nasa ba ne, domin gamawarsu ba ta kai nan ba, kuma idan ka matsa kusa za ka ga wuraren da murafu ba su daidaita sosai ba. Haka wanda yake gidan haya, tunda kantar kankare ba a ɗaukar ta a tashi da ita, gara ya nemi teburin ƙarfe da kabad mai ƙafafu. Amma mai gidan kansa wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne, iyalinsa da yawa, kuma girkinsa na tuwo da miya ne da manyan tukwane, zai sami abin da yake nema a wajensu, da sharaɗin ya sayi ƙarafan murafu da kayan famfo da hannunsa, ya tsaya a kan mai famfo ranar da zai yi aiki, ya kuma ƙara makonni a kan duk lokacin da aka ɗibar masa.