Faiba, rawuta ko Starlink? Ka karanta kafin ka zuba kuɗinka a intanet ɗin shago

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, azumi na da kwana huɗu, na buɗe shagona na buga takardu da cike fom a nan Kano kamar kullum. Kafin azahar komai ya tsaya cak. Shafi ba ya buɗewa, tura kuɗi ya gagara, mai POS ɗin da ke maƙwabtaka da ni sai juya na'ura yake yi a hannu kamar mai duba ƙwai, mutane kuma sun yi layi suna neman kuɗin cefanen buɗa-baki. Sai da yamma muka ji abin da ya faru: wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun katse a kusa da gaɓar Kwaddebuwa. Ni da ban taɓa ganin teku da idona ba, ga shi ya hana ni ciniki. Gyaran kuwa sai da ya ɗauki makonni.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo min da tallar intanet ba na fara tambayarsa gudu. Abin da nake tambaya shi ne: ta wace hanya yake zuwa, kuma idan hanyar ta katse ina zan nufa? A kan wannan ma'auni zan auna muku abin da ke kasuwa. In faɗa tun da wuri, ina da gwani a ciki, ba zan ɓoye ba.

Sai an san asalin ruwa ake sanin bututun da za a saya. Kusan duk abin da kake buɗewa a waya, ta ƙasan teku yake ratsowa cikin zaren gilashi mai sirantakar gashi, wanda ake kira faiba. Shekaru da dama waya ɗaya ce tilo Najeriya ta dogara da ita, SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002 a hannun NITEL, tsohon kamfanin sadarwa na gwamnati. Waɗanda suka yi zamanin kafe na farko sun tuna yadda ake sayen awa guda a ƙare ta wajen jiran hoto ɗaya ya buɗe. A 2010 aka samu sauƙi: wata 'yar kasuwar Najeriya, Funke Opeke, ta jawo MainOne daga Fotugal zuwa Legas, Globacom kuma ya jawo Glo-1 daga Ingila. WACS da ACE suka biyo a 2012. Google ya kawo wayarsa Equiano Legas a 2022, sannan 2Africa, wadda Meta, kamfanin Facebook, ke cikin masu ita, mai tsawon kilomita 45,000, ta sauka a Legas da Akwa Ibom a 2024.

To duba sunayen wuraren nan da kyau. Duk bakin teku ne. Tafki ya cika ya batse a Legas, amma tsakaninsa da Kano akwai tafiyar kilomita wajen 1,000, kuma wayar da ke ɗauko mana rabonmu a gefen titi take binne. Ɗan kwangilar hanya ya zo da katafila ya tsinke ta, ɓarawo ya haƙo ta yana zaton tagulla ce, ambaliya ta tone ta. Ga kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa, wanda aka daɗe ana ja-in-ja kafin gwamnoni su amince da naira 145 a kowace mita. Gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Allah ya nuna mana. Amma mai shago ba da shela yake ciniki ba.

Mu fara da faiba ɗin da ake ja har cikin gida ko shago. Gaskiya ɗaya ce: idan ta iso layinku kuma kamfanin na kirki ne, babu abin da ya kai ta sauri da kwanciyar hankali, ruwan sama bai dame ta ba, ɗan akwatinta kuma ba ya cin wuta. Matsalarta ita ce ta fi son unguwannin masu hali da manyan tituna. Idan kana cikin lungu ko bayan gari, sai dai ka ji labari. Idan kuma ka same ta, kada ka biya sai ka tambayi maƙwabta uku da suke amfani da ita: in waya ta tsinke, kwana nawa ake yi kafin masu gyara su zo? Amsar wannan ta fi duk abin da aka rubuta a takardar talla.

Rawuta mai sim, ta 4G ko 5G, ita ce ta kowa. Ba ta da tsadar saye, kana iya ɗaukarta a jaka, kuma tun da MTN ya fara 5G a 2022, Airtel ya biyo a 2023, wanda ke kusa da ƙarfen sabis yana jin daɗi. Sai dai kai da dubban mutane kuke sha a rijiya ɗaya. Da safe ta yi gudu, bayan isha'i kowa ya hau TikTok ta koma tafiyar hawainiya. Data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ga gida mai mutum biyu ko uku ta wadatar. Ga shago mai kwamfuta takwas, ajiye ta a matsayin tayar safaya.

Tsohon kwanon VSAT, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba: taurarinsa na can nisan kusan kilomita 36,000, saƙo sai ya yi fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, ga tsada. Masu kafa maka eriya a kan dogon ƙarfe su harbo maka daga nasu ƙarfen kuwa, akwai na gari a cikinsu, amma ni na taɓa biyan wani wata shida gaba ɗaya don ya yi min ragi, a wata na biyu ofishinsa ya koma shagon sayar da katifa.

Yanzu ga gwanin nawa. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ake kamawa da faranti, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta same shi. Ghana ta samu a 2024, Nijar da Chadi a 2025, kuma ga ƙasashen da ba su da bakin teku, waɗanda sai sun bi ta ƙasar maƙwabta kafin su taɓa wayar ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bambancinsa da tsohon kwano shi ne taurarinsa dubbai ne, kuma ƙasa-ƙasa suke shawagi, kimanin kilomita 550, don haka kana iya kiran bidiyo ba tare da maganarka ta riƙa cin karo da ta abokin hira ba. Farantin shi ke bin taurarin da kansa. Naka kawai ka ba shi sarari.

Kada wani ya ce maka mai Starlink ya rabu da teku. Saƙon da ya hau sama dole ya sauko a wata tashar ƙasa, daga nan ya shiga waya kamar na kowa. Abin da ya tsallake maka shi ne doguwar hanyar nan ta gefen titi, da katafilarta da ɓarayinta da ƙarfen sabis ɗin da man janaretonsa ya ƙare. Mu 'yan Arewa kuwa a nan ne ciwon yake. Mutumin Legas yana zaune a bakin tafki, mu ne a ƙarshen bututu. Shi ya sa nake ganin na'urar ta fi amfani ga mai shago a Gumel ko Maraɗi ko wani asibitin ƙauye fiye da mai gida a unguwar Ikoyi ta Legas.

Tsada kam akwai ta. Kuɗin wata ya taɓa zama naira 38,000. A ƙarshen 2024 kamfanin ya so ya kai shi 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, aka janye, daga baya a 2025 ya koma 57,000. Kayan kansu sun tashi daga 440,000 zuwa 590,000. Tun da abin yana bin dala, ka duba farashin ranar da za ka saya, kada ka riƙe nawa. Sannan ka lissafa wuta, domin nan ne mutane ke tuntuɓe. Babban farantin yana jan abin da ya kai wat 75 zuwa 100, dare da rana. Idan ƙaramar sola gare ka mai batir ɗaya, kafin asuba zai tsotse ta. Ƙaramin, wanda ake kira Mini, bai kai rabin haka ba, ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Ruwan sama mai ƙarfi irin na watan Agusta yana katse shi na 'yan mintoci, ya dawo da kansa. Hazo dai bai taɓa hana ni aiki ba, illa ina sa yaro ya goge ƙura lokaci-lokaci. Kuma kafin ka kashe ko sisi, sauke manhajarsu kyauta, ka hau rufi ka ɗaga kyamarar waya sama, za ta nuna maka ko bishiyar darbejiya ko benen maƙwabci zai tare maka. Ka duba kuma ko yankinku a buɗe yake, don a ƙarshen 2024 an dakatar da karɓar sababbin masu rajista a birane irin su Legas da Abuja saboda cunkoso.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne, don a nan aka ƙone ni.

Farantina na farko na hannu ne. Wani ya tallata a intanet, ya ce zai bar gari ne, ya sauke min kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo. Muka haɗu, ya jona, na ga intanet na gudu kamar ruwa, na biya har da godiya. Kwana goma sha ɗaya ya yi aiki. Ashe kowane faranti a ɗaure yake da asusun mai shi, kuma sai mai asusun ya sake shi da hannunsa kafin wani ya iya yi masa rajista. Mutumina bai sake ba, wata ya ƙare, lambarsa ta daina shiga. Na zauna da faranti mai kyan gani wanda ko tuwo ba za a ci a kai ba. Ganin kitse na yi wa rogo.

Saboda haka, idan dole sai na hannu za ka saya, kada kuɗi ya bar aljihunka sai an yi abu uku a gabanka. Mai shi ya buɗe asusunsa ka ga babu bashi. Ya saki na'urar daga asusun. Kai kuma ka shigar da lambar kayan a naka asusun, da naka imel, ka ga ta karɓa. Lambar da ke jikin kwali ta dace da wadda manhaja ta nuna. Duk wanda ya ce maka “ai ba komai, ka riƙa turo min kuɗin wata ina biya maka”, to ba sayar maka ya yi ba, haya ya ba ka, kuma ranar da kuka saɓa zai kashe ka daga ɗakinsa. Wanda ya ƙi a yi wannan a gabansa, wataƙila kayan ma na sata ne.

Akwai kuma masu kawo faranti mai rajistar wata ƙasa su ce ya fi arha. Tsarin yawo, na matafiya, ne suke sa maka, kuma kamfanin ya iyakance amfani da shi a wajen ƙasar rajista zuwa kimanin wata biyu a jere. Kafin Nijar ta ba da lasisi, haka aka riƙa tsallakar da kaya daga wannan gefen zuwa can. Yanzu da Najeriya da Nijar kowace ke da nata, babu dalilin sayen wahala. Sai masu buɗe shafi a Facebook ko Instagram da tambarin kamfani, su ce ana rabin kuɗi na kwana uku, a tura kafin alƙalami. Ba su da ko kwali. Ka saya a shafin kamfanin ko wajen dillalin da shi kamfanin ya lissafa, ka karɓi rasit mai lambar kaya.

Masu kafawa ma a sa musu ido. Wani zai yanke wayar asali ya yi mata ƙari da wata don ta kai inda yake so, ya naɗe da salatif, ruwan farko ya shiga ya lalata. Wani zai buɗe maka asusu da imel ɗinsa “don sauƙi”. Wani kuma ya tafi da kalmar sirrin Wi-Fi ɗin, ka wayi gari rabin layi na sha a jikinka. Da ya sauko daga tsani, canza ta. Idan kuma niyyarka ka riƙa sayar wa unguwa tikitin awa-awa, ka sani tsarin gida bai halatta sayarwa ba, kuma sana'ar sayar da intanet tana buƙatar lasisin NCC. Ka nemi tsarin da ya dace tun farko.

'Yan rawuta ma ba a bar su a baya ba. Kalmar nan da suke rubutawa da manyan baƙaƙe, wai data marar iyaka, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙasanta. Galibi akwai adadin da in ka kai, za a shaƙe gudun har sai wata ya ƙare. Akwai kwalin da aka manna wa 5G alhali cikinsa 4G ne, akwai tsohuwar da aka goge aka sa a sabuwar leda. Sim kuma kada ka karɓi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Da lambarka ta NIN za a yi, in ba haka ba ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana, in kuma an yi ɓarna da shi a baya, a hannunka za a same shi.

Abin da ke shagona yau faranti ne sabo dal, da asusu da sunana, a kan sola da na ƙara wa batir saboda shi. A cikin durowa kuma akwai ƙaramar rawuta mai sim wadda nake sa wa data kaɗan duk wata, don ranar da hadari ya haɗo daga gabas alhali ɗalibi na tsakiyar cike fom. Wancan farantin na farko yana nan a saman kabad. Duk wanda ya shigo ya ce min ya ga na hannu da arha, shi nake sauko masa da shi ya riƙe tukuna.