Abin yanka dankali da abin jajjage mai igiya: yadda na same su bayan azumi guda

Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu da ke Tudun Jukun a Zariya, kuma duk azumi ni ke da aikin dankalin buɗa-baki. Da an yi la'asar zan zauna gaban baho cike da dankalin Turawa, wuƙa a hannu, ga ƙishirwa, ga kunu yana jira. Wannan wahala ce ta kai ni kasuwar Sabon Gari ana saura kwana huɗu a ɗauki azumi. Abu ɗaya na je saya a layin masu kayan kicin, na fito da uku, kuma na yi aiki da su har jajibirin Sallah.

Abin da ya kai ni shi ne abin yanka dankali mai hannu. Jikinsa ƙarfe ne, da ɗan kwari a tsakiya inda ake kwantar da ferarren dankali. Da kin danna hannun, sai ya tura dankalin ta cikin ragar wuƙaƙe, ya fito zara-zara ta ɗaya gefen. Nawa raga biyu gare shi, mai ido 36 da mai ido 64. Na fi amfani da mai 36, don siraran nan na mai 64 suna saurin bushewa a mai, kuma maigidan ba ya son su. Aikin da nake kwashe kusan awa guda ina yi, yanzu kafin man gyaɗa ya yi zafi na gama. Abin da ma ya fi burge ni, tunda duk kaurinsu ɗaya, tare suke soyuwa. Da can a kasko ɗaya wani ya ƙone, wani cikinsa ɗanye. Har yanzu dai ina jiƙa shi a ruwa sitacin ya fita, in tsane shi a kwando in goge kafin ya shiga mai, don inji bai ɗauke wa kowa wannan ba.

Dankalin Jos da muke samu yawanci matsakaici ne, yana zama daram a cikin kwarin. In kin samu manya, raba su biyu, kuma ki ɗan sare kan ya baje kafin ki danna, in ba haka ba zamewa yake yi. Ƙafarsa roba ce mai kama ƙasa, amma a kan siminti ko teburin katako ba ta kamawa sam. Ni da nake aiki a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, sai na nemo ragowar tayil ɗaya na gini, in ɗan yayyafa masa ruwa in ɗora injin a kai. Tun daga nan bai ƙara motsi ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar mai shagon. Na tambaye shi da bakina, na ce, “Malam, yana yanka dankalin Hausa?” Ya ce, “Hajiya, ko rogo kika ba shi zai yanka.” Ba gaskiya ba ne. Dankalin Hausa ya fi na Turawa tauri nesa ba kusa ba. Ranar da na gwada, na danna da dukkan ƙarfina, dankalin ya maƙale a rabi, da na zaro shi sai ga wuƙaƙe biyu na ragar mai 64 sun lanƙwashe. Da ya faɗa mini gaskiya, da yanzu ragata na nan lafiya.

Wanda na saya da wasa kuwa shi ya zama ɗan gaban goshi: 'yar roba mai murfi, da wuƙaƙe uku a ciki, da igiya a saman murfin kamar ta tayar da janareta. Ki zuba attaruhu da albasa da tattasai, ki rufe, ki ja igiyar sau biyar ko shida, jajjagen miyar ƙwai ya haɗu. Ba ruwanki da jiran a kawo wuta, ba hawayen albasa, ba raɗaɗin attaruhu a hannu kamar na greta. Sai dai ki riƙa leƙawa, don in jan ya yi yawa sai ya koma ruwa, musamman in da tumatir. Karas kuma sai an fara gutsuttsura shi. Kada ki tsoma murfin cikin ruwa, igiyar na jiƙa ta yi wari, goge shi kawai da tsumma. Cikinsa kaɗan ne, girkin taro sai kin yi sahu uku ko huɗu.

Surukata da ta gani ta ce, “'Yar nan, jajjagen turmi ai daban yake.” Na ce, “Haka ne, Hajiya.” Kuma da gaskiyarta, don turmi yana dandaƙa attaruhun ƙamshinsa ya fito, wannan kuwa yankawa kawai yake yi. A miyar kuka da yajin daddawa ban bar turmina ba.

Na ukun shi ne mai kama da allo, da wuƙa a gicciye, wanda ake goga kabeji ko kokwamba a kai. Kabejin salak yana fitowa siri-siri, gwanin sha'awa. Amma ranar azumi na tara ina sauri, na ajiye ɗan marikin da ake kare hannu da shi, ya kwashe mini fatar babban yatsa. Kwana uku ina alwala da ƙyar. Yanzu yana can saman kabad inda yara ba sa kaiwa, kuma ba na taɓa shi sai da marikin. Alayyafo da zogale duk ba aikinsa ba ne, kuma in ba a shanya shi nan take bayan wanki ba, bakin wuƙar yana ɗigon tsatsa.

Na koma Sabon Gari sau biyu neman ragar mai 64 ita kaɗai, duk inda na tambaya sai a ce sai dai in sayi sabon inji. Mai igiyar kuma Hajiya ta aiko jikanta ya ara ranar jajibirin Sallah, yau kwana goma sha biyu ke nan yana sashenta.